Ranar Da Wayar Baba Malam Ta Ƙi Maharazu

Ku matso kusa 'yan uwa, yau ba wasa a bakina. Abin da ya faru a zauren gidanmu ranar Talatar nan, har yanzu in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, sunana Zinariya, autar Malam Sha'aban mai karantar da hadisi a nan cikin garin Daura. Wanda zuciyata ta maƙale wa kuwa Maharazu ne, ɗan Sandamu, dogo, baƙi, mai tsadar magana. Laifinsa ɗaya a wurin danginmu: ba wanda ya san sana'arsa. Ba ofis, ba shago, gonar ma sai ran da ya ga dama. Ɗaki ne da shi a gidansu da sola a kan rufi, ya shige ya buɗe laftof ya wuni. Amma ga mashin sabo fil, ga shadda tana ɗaukar ido.

Gwaggo Laraba, yayar Baba, wadda ta yi ritaya daga koyar da Turanci, ita ta tsaya kai da fata.

"Yaro ba ya shiga rana amma kullum yana sheƙi? Malam, ka buɗe idonka. Irinsu ne masu kwashe wa bayin Allah asusu ta waya."

Baba ba mutum ne mai hayaniya ba. Ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce, "A kira shi ya nuna mini aikin in gani da idona. In halal ne, ya turo magabatansa. In ba haka ba, maganar ta mutu a zauren nan, kuma kada in sake jin sunansa a gidana."

Wanda ya san Baba Malam ya san ba ya maimaita magana.

Ranar Talatar da safe ina shara saƙon Maharazu ya shigo.

"Ranki ya daɗe, wace hula zan sa?"

Na ajiye tsintsiya na rubuta, "Ana maganar rayuwata kai kana maganar hula."

"Ai rayuwar taki nake yi wa kwalliyar."

"Ka sa mai ruwan toka. Me za ka nuna wa Baba?"

"Shafin intanet da na gina wa ƙungiyar 'yan kasuwar hatsi da dabbobi. Ni nake kula da shi. Ki kwantar da hankalinki, jiya ma na duba, lafiyarsa ƙalau."

In faɗa muku gaskiya, ni kaina ban taɓa gane aikin nan ba. In ya zo zance ya fara bayani, sai in riƙa cewa "uhm, masha Allah," alhali hankalina yana kan gashin girarsa. Kada wadda ta yi mini dariya, kun san kanku.

Ba ni aka kira zauren ba, amma sai da na zaro atamfata koriya mai zanen ganye, ɗinkin riga da siket da na ajiye don sallar Gani ta Maulidi, na ɗaura ɗankwali na ja shi gaba kaɗan, na zizara kwalli. Umma ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Ke kuma ƙyauren zaure za ki yi wa wannan adon?" Ta san inda zan laɓe. Ƙyauren da ya raba zaure da tsakar gida yana da tsaga ta wajen sakata, daidai ido ɗaya.

Bayan la'asar aka ɗauke ruwan sama, ƙasa tana ƙamshi, sai na ji tsayuwar mashin.

Baba yana kan buzunsa, littattafai jere a gefensa. Manyan ɗalibansa masu ɗaukar karatun yamma suna zaune, cikinsu har da Alhaji Sabiru dillalin raguna, kuma Baba bai sallame su ba. Gwaggo ta kafa kujera 'yar tsugunno a bakin ƙofa, ta ɗora tabarau a kan hanci. Maharazu ya cire takalmi tun daga nesa, ya shigo a sunkuye cikin farar shadda da hular da na zaɓa, ya durƙusa ya kwashi gaisuwa. Da aka gama, ya ja jakarsa zai fito da laftof.

Gwaggo ta ɗaga hannu. "A'a, ɗan nan. Ba a naka ba. Wa ya san abin da ka shirya a ciki? A wayar Malam za a buɗe."

"To, Gwaggo."

Wayar Baba tsohuwa ce, fuskarta da tsaga a kusurwa, ba abin da yake yi da ita sai amsa kira da sauraron karatun da aka zuba masa a memori. Gwaggo ta jona ta da datar tata wayar. Maharazu ya faɗi adireshin shafin, ita da kanta ta rubuta da yatsa ɗaya.

Sai na ga ta ɗago wayar kusa da fuska, ta gyara tabarau. Ta karanta Turancin da ƙarfi, a tsanake, irin yadda take karanta wa 'yan aji. Sannan ta juya wa Baba fuskar wayar. Ko daga tsagar ƙyaure ina hango jar alamar gargaɗin.

"Bari in fassara maka, Malam. Wai haɗin nan ba amintacce ba ne. Wai mai yiwuwa ɓarayi suna ƙoƙarin sace bayananka, lambobin sirrinka, saƙonninka, har da na katin banki. Ba ni na faɗa ba. Wayarka ce ta faɗa."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na dafa bango. Shi ke nan, na ce a raina, ta faru ta ƙare.

Alhaji Sabiru, Allah ya saka masa da alheri, ya so ya ceci lamarin. Ya leƙo ya ce, "Ai akwai wani wuri can ƙasa, in ka danna sai ta wuce abinta. Ni kullum haka nake yi."

A raina ina ihu: danna! Don girman Allah wani ya danna!

Sai kawai na ji muryar Maharazu, a hankali. "Kada a danna, Alhaji. In waya ta yi wannan kashedin tana da dalili. Ko da shafina ne, kada a shiga sai an san dalilin."

Wallahi da hannuna zai kai, da na dungure masa hular nan. Mutum an buɗe maka ƙofa kana rufewa da kanka!

Amma Baba, wanda tun ɗazu idonsa yake kan carbi, sai ya ɗago. Ya kalli Maharazu.

"Ta yaya ƙarfe ya san amintacce da wanda ba amintacce ba?"

"Allah ya gafarta Malam, shafin yana zaune ne a kan wata babbar kwamfuta a nesa, mu muna ce mata saba. In waya ta je wurinta, kafin ta karɓi ko harafi ɗaya, sai ta ce: ke wace ce? Nuna mini shaida. Sai sabar ta miƙo takardar shaidarta, wato satifiket."

"Kowa ai yana iya rubuta wa kansa shaida."

"Haka ne. Shi ya sa wayar ba ta yarda da bakin mai takarda. Sai ta duba wa ya sa masa hannu."

Baba ya ajiye carbin a kan buzu. Ni dai tunda nake ban taɓa ganin ya ajiye carbi don maganar wani yaro ba.

"Shi kuma wanda ya sa hannun, wa ya san shi?"

"Shi ma yana da tasa takardar, wani na sama da shi ya sa masa hannu. Haka za ta yi ta bi, wannan daga wannan, har ta kai ga wanda ta riga ta sani. Akwai wasu 'yan kaɗan da aka tantance, da sunayensu a cikinta aka ƙero ta. In silsilar ta kai gare su, ta yarda. In ta yanke a hanya, ta tsaya."

"In wani ya kwaikwayi sa hannun fa?"

"Ba na biro ba ne, na lissafi ne. Ko ɗigo aka canza a takardar, lissafin ba zai fita ba. Kuma ko an saci takardar ba ta da amfani, don sai sabar ta nuna tana riƙe da mabuɗin sirrin da ya dace da ita."

Baba ya juya ya kalli ɗalibansa ɗaya bayan ɗaya. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Kun ji? Wane daga wane daga wane, har a kai ga amintacce. Isnadi ke nan. Abin da malamanmu suka yi tafiyar watanni a kan raƙumi suna yi don hadisi ɗaya." Ya sake kallon Maharazu. "Duk wannan tana yi cikin kwana nawa?"

"Kafin ƙiftawar ido, Allah ya gafarta Malam. Kuma duk lokacin da aka buɗe shafi sai ta sake."

"Subhanallah," in ji Baba. Ɗaliban suka amsa, "Subhanallah."

Ni ma a bayan ƙyaure bakina ya furta ban sani ba. Na kalli tawa wayar da ke hannuna, wadda nake jefarwa a kan katifa, nake taɓawa da hannun miya. Ashe duk sanda na buɗe shafin kallon ɗinkuna, sai ta tsayar da wani a can wata duniya ta tambaye shi asalinsa, ta tambayi mai shaidarsa, da mai shaidar mai shaidarsa, ni ko ina ta mita wai tana da nauyi. Kuma wannan abin shi ne aikin da Maharazu yake wuni a kai, ni ina kallon girarsa. Sai na ji ya yi mini wani irin girma a ido, har na ji kunyar kaina.

Gwaggo ce ta dawo da mu ƙasa. "To mun ji wa'azi. Ita dai mai binciken ta bincika, ta ce ɓarayi."

Baba ya miƙa wa Maharazu wayar. "Duba mana inda silsilar taka ta yanke."

Ya karɓa da hannu biyu, ya danna nan ya danna can. "Abu uku za mu duba. Na farko suna, ko sunan da ke takardar shi ne na shafin." Ya duba. "Daidai ne. Na biyu masu sa hannu." Ya duba. "Sun cika, har sama. Na uku lokaci, don kowace takarda tana da ranar da ta fara aiki da ranar da za ta ƙare."

Ya duba. Ya ja fuskar wayar daga sama ya sake dubawa. Ya saci kallon ɗaliban, ya kalli Gwaggo, sannan ya kafe idonsa a tabarma. A hankali ya ajiye wayar a gaban Baba.

"Allah ya gafarta Malam, a yi mini afuwa. A ba ni lokaci in je in bincika."

Gwaggo ta tafa hannu. "Kun ji ko! In je in bincika. Haka suke cewa in an kama su."

A daidai nan abin ya faɗo mini a ka, har sai da na toshe bakina da tafin hannu.

Bari in gaya muku wani hali na Baba Malam. Shi ya ce ba zai riƙe wayar da ba ta san kwanan wata ba. Kwanan wata kuma a wurinsa na Musulunci ne. Don haka duk ran da aka ba da sanarwar ganin wata, sai ya sa tabarau ya shiga cikin wayar ya gyara da hannunsa. In ɗaya ga Muharram ce, ya mayar da ita ɗaya ga watan ɗaya. In Rajab ne, watan bakwai. Duk ƙarshen Safar sai sun yi rigima, don wayar ta rantse watan biyu ba ya kai talatin. Mu a gida abin dariya muka ɗauke shi. Yanzu kuma muna cikin Rabi'ul Awwal, wata na uku. Wato mu muna Satumba, wayar Baba tana can cikin Maris.

Maharazu ya gani. Na rantse ya gani. Amma ku da kuka san garin nan ku gaya mini, saurayin da ko ruwa ba ya iya sha a gaban surukinsa, ko sunansa ba ya iya kamawa, ta ina zai buɗe baki ya ce wa malami guda, a kan buzunsa, a gaban ɗalibansa masu furfura, kuskuren naka ne? Ya gwammace a kira shi ɓarawo.

Ni kuma fa? Kalma ɗaya ce a bakina. Amma in na faɗa, na tona ina laɓe, kuma na gyara wa ubana magana a gaban maza. Na buɗe baki, na rufe. Na sake buɗewa, ba abin da ya fito sai hawaye masu zafi da suka wanke kwallin nan tas. Ina kallo Maharazu ya fara jan jakarsa zai miƙe.

"Zauna," in ji Baba.

Ya zauna.

"Abu uku ka lissafa. Biyu ka amsa da bakinka. Na ukun da kallon tabarma ka amsa." Ya tura wa Gwaggo wayar. "Yaya, karanta mini. Yaushe takardar yaron nan ta fara aiki?"

Ta ɗauka tana taɓe baki. "Agusta."

"Ita wayar a wane wata take?"

Ta ja sama ta duba, ta yamutsa fuska. "Maris? Ana Satumba? Kai, wane shashasha ne ya dagula maka..."

"Ni ne shashashan, Yaya."

Gwaggo ta riƙe baki. Alhaji Sabiru ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin rigarsa.

Baba kuwa ba kunya na gani a fuskarsa ba, wani haske na gani. Ya karɓi wayar yana jujjuya ta kamar yau ya fara ganinta.

"Wato a lissafinta, an kawo mata shaidar da ba a rubuta ba tukuna, sai nan da watanni. Dole ta ƙi. Mu ma da haka muke kama mai ƙarya. Ya ce ya ji daga wane, a duba tarihi, a ga wane ya rasu shi ba a haife shi ba." Ya girgiza kai. "Ni na ruɗa ta, amma ba ta ce don wayar Malam ce bari in yi shiru ba. Allah mai iko."

Ya miƙa wa Maharazu. "Mayar da ita lissafin da ta sani."

Ya karɓa ya gyara. Gwaggo ta sake rubuta adireshin. Jar alamar ta ɓace, shafin ya buɗe fes: farashin gero da dawa a kasuwar Mashi, na raguna da shanu a Mai'aduwa, har da labarin hanyar iyakar Kongolam. Can ƙasa ga sunan Maharazu a matsayin mai kula da shi.

Alhaji Sabiru ya zabura. "Kai! Ai wannan muke dubawa kafin mu loda mota. Ashe kai ne?"

Gwaggo ta cire tabarau tana goge shi da gefen mayafi. "To ni dai abin da aka rubuta na karanta."

Na ɗauka an gama, har na fara hamdala. Sai na ga Baba bai yi murmushi ba.

"Maharazu." Karo na farko ke nan da na ji sunan a bakinsa. "Ka gani, ka yi shiru."

"Na ji nauyi ne, Baba."

"Da ban gane ba fa?"

"Da na tafi."

"Ka bar ta ke nan?"

Maharazu ya ce, "Da zan yi ta roƙon Allah ya buɗa wata hanyar. Amma ba zan iya kunyata ka a gaban ɗalibanka ba."

Baba ya juyo da fuskarsa saitin ƙyauren, saitin idona.

"Zinariya."

Ashe tun farko ya sani.

"Na'am, Baba."

"Ke kin fi kowa sanin abin da nake yi wa wayar nan duk sabon wata. Kin gane?"

"Na gane, Baba."

"Ke ma kika yi shiru."

Sai na fara shessheƙa.

Baba ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, idanunsa sun kaɗa sun yi ja, abin da ban taɓa gani ba tunda aka haife ni.

"Shekara da shekaru ina zaune a kan buzun nan ina koya wa mutane kada su karɓi magana don girman mai ita. Yau a zaurena, 'yar cikina da mai neman ta sun yarda su rasa juna, don dai kada su ce mini na yi kuskure. Ban sani ba, in gode muku ne, ko in ji tsoron abin da na zama."

Ya juya ga Maharazu.

"Ka ce wa magabatanka su zo bayan Maulidi. Amma da sharaɗi. Duk ran da ka sake gani na a kan kuskure, ka faɗa mini, ko a gaban wa. In ka yi alkawari, na ba ka."

"Na yi alkawari, Baba."

"Har ga Allah?"

"Har ga Allah."

Maharazu ya duƙar da kai, gumi yana bin gefen hularsa. Sannan cikin wata 'yar siririyar murya da ban san yana da ita ba, ya ce:

"To, Allah ya gafarta Malam... agogon bangon nan ma latti yake yi."

Ɗaliban duk suka ɗaga kai sama a tare. Baba ya kalli agogon, ya kalli Maharazu, sai ya fashe da dariya, irin wadda take girgiza kafaɗa, yana yi yana share hawaye da bakin rawani, yana cewa, "Tashi ka gyara, ɗana, tashi ka gyara."

Ɗana. Da kunnena na ji. Na zame na zauna dirshan a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ina kuka ina dariya, ban damu da wanda zai ji ni ba.